Daga Tsohuwar Alƙahira Zuwa Kwarin Kanwa: Ziyarata Wurin Kibɗawa da Yahudawan Masar

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci Masar ya san rabin jinyar jira ne. Likita ya duba yayana, ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce sai sakamako ya fito, muka koma ɗan gidan da muka kama haya a Madinatu Nasr muna zaman jiran tsammani. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar shi ne tafintanmu kuma ɗan jagora. Da jikin Yaya ya yi sauƙi har ana iya barinsa da uwargidansa, sai na matsa wa yaron ya kai ni Tsohuwar Alƙahira, unguwar da tsofaffin coci-cocin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suke.

Ina da dalili. Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma a ajinmu labarin Kiristanci daga Turawan Mishan yake farawa: Lakwaja, sai Dakta Mila da ya zauna birnin Zariya a 1905, sai Wusasa. Yaron da ya tashi da wannan ɗauka zai yi addinin a jirgin ruwa ya shigo Afirka tare da Bature. Alhali Mariyatul Kibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), daga cikin Kiristocin Masar ta fito, kuma a lokacin cocinsu ya riga ya haura shekara 500. Mutanen nan nake son gani da idona.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai zuwa Helwan muka shiga, muka sauka a tashar Mar Girgis. Kana fitowa sai shingen 'yan sanda da na'urar binciken jaka. Ruwa ba ya tsami banza: a Disambar 2016 bom ya tashi a cocin Buɗrusiyya da ke Abbasiyya ana tsakiyar ibada, a Afrilun 2017 kuma aka kai wa coci biyu hari rana ɗaya, a Ɗanɗa da Iskandariyya. Bayan shingen akwai ragowar ganuwar Rumawa da ake kira Babila, jan bulo da farin dutse jere bisa jere. Ita ce Amru ɗan Asi ya yi wa ƙawanya wata da watanni har ta faɗi a Afrilun 641. Masallacin da ya gina, na farko a ƙasar Masar, yana arewa kaɗan, tafiyar ƙafa ce, can muka yi azahar.

A kan ƙofar wannan ganuwa aka ɗora cocin Mu'allaƙa, shi ya sa sai ka hau doguwar matakala kafin ka shiga, kuma a wani lungu an sa gilashi a daɓe don ka leƙa ka ga zurfin da ke ƙarƙashinka. Ciki duhu-duhu, ƙamshin lubban ya kama katako. Tsakanin jama'a da inda limamansu ke tsayawa akwai shamaki na baƙin katako da aka ƙawata da hauren giwa, taurari da gicciye sun sarƙe da juna, aiki iri ɗaya da wanda ke jikin mumbarin tsofaffin masallatan birnin. Maza gefe guda, mata gefe guda da kallabi a ka. Mai matsawa kusa da wuri mai tsarki sai ya tuɓe takalmi. Kusan kowa da ɗan gicciye a cikin wuyan hannunsa na dama, zanen allura ne da ba ya goguwa, tun ana yara ake yi. Addu'a kuwa da Larabci ake yi da Kibɗanci, harshen da ya gangaro daga na Fir'aunoni amma ake rubuta shi da baƙaƙen Girkanci.

A allon sanarwa na ga an rubuta shekara 1741. Wani dattijo mai tsaron ƙofa ya yi mana bayani da Larabcin Masar, yaron yana juya mini. Shekarun cocinsu daga 284 suke farawa, shekarar da Sarkin Rum Diyokletiyan ya hau gado, wanda daga 303 ya shiga rushe wuraren ibada da ƙona littattafai da kashe duk wanda ya ƙi yanka wa gumaka. Shekarar Shahidai suke kiran lissafin. Sabuwar shekara a 11 ga Satumba take kamawa, ranar sai a ci jan dabino don tunawa da jinin da aka zubar. Wata 12 ne masu kwana talatin-talatin, da ɗan ƙaramin wata mai kwana 5 ko 6. Manomin Masar, Musulmi ko Kirista, har gobe da waɗannan watanni yake lissafin sanyi da iska da girbi: Ɗuba, Amshir, Baramhat. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutanen da suka fara ƙirga zamaninsu daga hawan mai kashe su, da gangan suka yi, don kada jikokinsu su manta da me aka biya kafin addinin ya iso gare su.

Muka bi wani siririn lungu zuwa cocin Abu Sarga, inda akwai ɗan kogo a ƙasa da suke cewa Nana Maryamu ta fake da jaririnta lokacin da suka gudo daga Sarki Hirudus, kamar yadda Linjilar Matiyu ta kawo. Layi ya yi tsawo, muka leƙa muka fito. Da muka nufi wani babban coci mai zagayayyen gini da ke kan ɗaya hasumiyar, sai aka ce mana wannan na Rum ne, ba na Kibɗawa ba, limamansa daban, shugabansa daban.

"Kawu, ashe ba duk ɗaya ba ne?" in ji yaron.

Ba ɗaya ba ne, kuma rabuwar da ke tsakanin coci-cocin nan biyu ta girmi Musulunci da kusan shekara 160. Ni Musulmi ne, abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa (AS) ba ɓoyayye ba ne. Amma mai son fahimtar maƙwabcinsa dole ya san a kan me kakanninsa suka yi gardama, kuma manyan masu wannan gardama 'yan Afirka ne.

Kibɗawa suna cewa Markus, marubucin ɗaya daga Linjila huɗu, shi ya kawo addinin Iskandariyya, a can kuma aka kashe shi a shekara ta 68. Wajen 318 wani limamin coci a birnin mai suna Ariyus ya fara koyar da cewa Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Wuta ta ruru har Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a 325, suka yanke cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya. Na sha jin masu wa'azi a gida suna cewa Ariyus mai tauhidi ne irin namu. A yi hattara da wannan magana. Ariyus bai daina kiran Almasihu Ɗan Allah ba, ya kuma yarda ta hannunsa aka halicci duniya. Abin da ya ƙi shi ne daidaita shi da Uba a rashin farko. Wannan ba aƙidarmu ba ce, ba kuma ta cocin yau ba.

Wanda ya tsaya kai da fata a kan hukuncin Nikiya shi ne Atanasiyus. Ya hau kujerar Iskandariyya a 328, ya riƙe ta shekara 45, sarakuna suka kore shi sau biyar, wani lokaci a cikin hamada wurin ruhubanawa, masu gudun duniya don ibada, yake ɓuya. A wasiƙar da ya aika wa coci-cocin Masar a 367 ne aka fara ganin jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a hannun Kiristan Kafanchan ko na Garkida yau. Shi ne kuma ya naɗa Furumentiyus bishop na farko na Habasha, daga nan har 1959 cocin Habasha ƙarƙashin kujerar Iskandariyya yake.

Sai tambaya ta biyu ta taso: in haka ne, yaya allahntaka da mutuntaka suka haɗu a mutum ɗaya? A taron Afisa na 431 Kirillus na Iskandariyya ya kayar da Nasɗuriyus na Kusɗanɗiniyya. Shekara 20 bayan haka, a 451, aka sake taro a Kalsidon, wadda yanzu unguwa ce a Santambul, aka ce ɗabi'a biyu ce a mutum ɗaya, ba gauraya, ba rabuwa. Masarawa suka kafe a kan lafazin Kirillus, cewa ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya. Aka tuɓe shugabansu Diyoskorus, aka kore shi, ya mutu a baƙon wuri a 454. Sarki ya naɗa nasa, talakawa da ruhubanawa suka ƙi bin sa. Habasha da Armeniyawa da Suriyanawa suka tsaya a wannan ɓangare. A ganina ba lafazi kaɗai ya raba su ba. Akwai alkamar Masar da ake lodi kowace shekara zuwa birnin sarki, akwai haraji, akwai takaicin ganin kujerar Iskandariyya ta koma bayan ta Kusɗanɗiniyya.

A 631 Sarki Hiraƙla ya turo wani mai suna Kirus, ya haɗa masa mulki da shugabancin coci, ya shiga tilasta wa mutane da bulala da kurkuku. Shugaban Kibɗawa Binyamin ya ɓuya sama da shekara goma a ƙasar Sa'id, kudancin Masar. Amru ne ya rubuta masa takardar aminci ya fito ya koma kujerarsa. Yaron ya tuna mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka yi wasiyya da kyautata wa mutanen Masar domin suna da alkawari da zumunta. Gaskiya ne, kuma gaskiya ne ba kowane mai mulki ya riƙe wasiyyar ba: nauyin haraji ya sa Kibɗawan Bashmur tawaye a zamanin Halifa Ma'amun, Halifa Alhakim na Faɗimiyyawa kuma ya rushe coci-coci a farkon ƙarni na 11. Yau manyan masu amsa sunan magajin Markus biyu ne. Na Kibɗawa, na 118 a jerinsu, shi ne Baba Tawadros na II, wanda wani yaro da aka ɗaure wa ido ya zaro sunansa daga cikin uku a 2012. Na Rum kuwa Tiyodoros na II, suna ɗaya, lamba ɗaya.

Gidan tarihin Kibɗawa yana nan cikin harabar. Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko littattafan Naja Hammadi, kundi 13 da wani manomi ya tono cikin tulu a 1945, rubuce-rubucen ƙungiyoyin da ke cewa tsira a wani ɓoyayyen sani take, waɗanda babban coci ya yi watsi da su tun ƙarni na 2. Na biyu wata Zabura cikakkiya da Kibɗanci, an same ta a 1984 a kabarin wata yarinya kusa da Bani Suwaif, an yi mata matashi da ita. Kafin mu fito la'asar ta yi, an rufe wurin ibadar Yahudawa, muka bar shi sai wani jiƙon.

Wani mai kantin magani a layinmu, Bakibɗe ne, shi ya haɗa mu da direban da ya kai mu Wadi Naɗrun. Wajen kilomita 100 ne a kan hanyar hamada mai zuwa Iskandariyya. Kwari ne da ya yi ƙasa da matakin teku, da tafkuna masu fitar da gishiri da kanwa. Da kanwar nan mutanen Fir'auna suke busar da gawa. Nan Makariyus ya shigo wajen 330 don ya kaɗaita da Ubangijinsa, mutane suka biyo shi har kwarin ya cika da ɗakunan halwa.

Shi ma bin sawu ya yi. Antoniyus, ɗan wani mai hali a tsakiyar Masar, an haife shi wajen 251, yana saurayi ya ji ana karanta inda Almasihu ya ce wa wani attajiri ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta. Ya fito ya rabar da gonakin gado, ya yi ta nausawa cikin hamada har ya tsaya a wani dutse kusa da Bahar Maliya, ya mutu a 356. Bakhomiyus kuwa, wanda ya taɓa aikin soja, a kudu ya tara masu gudun duniya cikin katanga ɗaya da doka ɗaya, ci tare, aiki tare. Atanasiyus ya rubuta tarihin Antoniyus, aka juya shi zuwa Latin, labarin ya kai Milan har ya girgiza Agustin, mutumin Aljeriya ta yau wanda ya zama babban malamin coci, a 386. Yohana Kasiyan ya zauna a wannan kwari, ya ɗauki tsarin ya kai Marsai a kudancin Faransa wajen 415, daga rubutunsa kuma Benedik, mai tsara dokar ruhubanawan Turai, ya ɗebo. Duk gidan ruhubanawan da ke Turai, in ka bi salsalarsa, a rairayin Masar za ka tsaya.

Gidajen ruhubanawa huɗu suka rage a kwarin: Abu Maƙar, Anba Bishoy, Suryan da Baramus. Na Abu Maƙar sai da izini, ba mu shiga ba. A Anba Bishoy wani rahibi mai furfura ya tarbe mu, baƙar riga har ƙasa, hularsa an yi mata ɗinkin ƙananan gicciye. Na ce masa Abuna kamar yadda kowa ke faɗa, shi kuma yana ce mini Ustaz. Da ya ji daga Nijeriya muke kuma Musulmi, sai ya sa aka kawo shayi da gurasa da zaitun daga gonarsu, sannan ya zaga da mu. Injiniya ne kafin ya shigo, kuma ya ce irinsa suna da yawa a ciki, likitoci da masu haɗa magani da malaman makaranta. Wannan farfaɗowa daga harkar makarantun Lahadi ta samo asali, wadda Habib Girgis ya kafa a 1918. Ita ta fitar da Matta Almiskin, mai kantin maganin da ya sayar da komai, wanda daga 1969 ya sake gina Abu Maƙar, ita kuma ta fitar da Baba Shanuda na III. Shanuda ya riƙe cocin daga 1971 zuwa 2012. A Satumbar 1981 Shugaba Sadat ya tsare shi a wannan gida, bai fito ba sai Janairun 1985, kuma a nan kabarinsa yake, mutane na ta shiga da fita.

Ya nuna mana hasumiyar tsira, mai gadar katako da ake janyewa daga sama, ciki da rijiya da rumbu da ɗan wurin ibada, domin mahara daga yamma sun sha far wa kwarin tun 407. Ya ce sau bakwai suke addu'a a yini da Zabura, da sujada goshi a ƙasa, kuma azuminsu na ƙaurace wa nama da nono da ƙwai ya haura kwana 200 a shekara. Na tambaye shi batun 451. Ya ce a wannan gida aka zauna a 1989 da malaman ɓangaren Rum, aka sa hannu cewa abin da ake nufi ɗaya ne, lafazi ne ya bambanta. Na ce to an haɗe ke nan? Ya girgiza kai. Wanda wancan ɓangare ya la'anta, waliyyi ne a wannan, kuma har yanzu ba a kai ga cin jibin Ubangiji tare ba.

Suryan yana kusa, ana hango shi. A tsakar gidan akwai wata ƙatuwar tsamiya da suke cewa daga sandar Afrem Basuriyane ta tsiro. Wani shugaban gidan, Musa mutumin Nasibin, ya je Bagadaza neman sauƙin haraji ya dawo a 932 da littattafai 250. Mafi yawansu yanzu suna Fadar Vatican da Landan, Turawa sun saye su a ƙarni na 18 da na 19. Amma a Baramus na fi jimawa, saboda Musa Baƙi. Baƙar fata ne, bawa ne da ubangidansa ya kora, ya zama shugaban 'yan fashi a bakin Nilu, daga baya ya tuba ya shigo kwarin. Ana ba da labarin wata rana an kira shi zaman hukunta wani rahibi da ya yi laifi, sai ya zo da hujajjen kwando cike da yashi a bayansa. Da aka tambaye shi, ya ce zunubansa ne ke zuba a bayansa bai gani, ga shi ya zo hukunta wani. Aka watse ba a yi hukuncin ba. Da mahara suka zo ya ƙi gudu, ya ƙi ɗaukar makami, aka kashe shi. A ƙofar wurin direbanmu ya nuna mini hoton mutum 21 da aka yanka a gaɓar tekun Libiya a Fabrairun 2015, ya ɗora yatsa a kan baƙin da ke tsakiyarsu. Ashirin Kibɗawa ne 'yan ci-rani, shi kuwa ana cewa daga Ghana ya fito, kuma cocin ya lissafa shi cikin shahidansa.

Da muka koma Tsohuwar Alƙahira, kai tsaye wurin ibadar Yahudawan nan, Ben Ezra, muka nufa. An sake buɗe shi a 2023 bayan gyara. Ginin tsaf: dandamalin marmara a tsakiya inda ake karanta Attaura, ma'ajiyar naɗaɗɗun littattafai a bangon da ke fuskantar Ƙudus, benen mata a sama. A bayansa akwai rijiyar da ake cewa wajenta aka tsinci akwatin Annabi Musa. Sai dai a coci-cocin da ke maƙwabtaka ana ta ibada, nan kuwa sai 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan gwamnati. A 1948 Yahudawan Masar sun kai wajen 75,000 zuwa 80,000. Yaƙe-yaƙen 1948 da 1956 da 1967, da kora da ƙwace dukiya da suka biyo baya, suka kwashe su. Waɗanda suka rage yau ba su cika adadin mutum goma da ake bukata a yi sallar jam'i ba.

Abin da ya kawo ni wata 'yar taga ce can sama a ƙarshen benen mata. Bayanta ɗaki ne mara ƙofa da ake kira Geniza. A dokarsu ba a yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, kamar yadda tsohuwa a gidanmu ba za ta wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa ba sai ta ɗauke ta soke a katanga. To su Yahudawan Fusɗaɗ, wato Tsohuwar Alƙahira, sai suka faɗaɗa abin, duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci ta tagar nan ake jefa shi, kusan shekara 900, busasshiyar iskar Masar ta hana shi ruɓewa. A 1896 wasu tagwaye mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka kai wa Solomon Schechter na Jami'ar Kambirij wani guntu, ya gane asalin Ibranancin littafin hikimar Ben Sira ne, wanda aka ɗauka ya ɓace ƙarnoni da yawa. Ya taso ya zo, shugabannin al'ummar suka ba shi izini, ya kwashi guntaye wajen 193,000. In aka haɗa da waɗanda ke Amurka da Rasha da sauran wurare, sun kai kimanin 400,000. Raina ya sosu da babu su a inda aka rubuta su, ko da yake na san da an bar su da ba lalle su kai yau ba.

Ba littattafan addini kaɗai ba ne. Akwai takardun aure da na saki, da rasit, da takardar magani, da allon yaro mai koyon baƙi, da wasiƙun fatake daga Tunis har Indiya, akasari da Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci. Daga nan aka ga su ma ba dunƙule suke ba. Akwai Rabbaniyyawa, masu cewa tare da rubutacciyar Attaura an ba Annabi Musa bayani na baki, wanda aka tattara a Talmud. Akwai Ƙarra'awa, da suka taso a Iraƙi daga ƙarni na 8, masu cewa nassi kaɗai za a bi. Kalandarsu daban, hukuncin abincinsu daban, Ƙarra'awa ko fitila ba sa bari tana ci daren Asabar. Sa'adiya, mutumin Fayyum da ya fassara Attaura zuwa Larabci ya kuma shugabanci makarantar Sura a Iraƙi daga 928, ya yi musu raddi mai zafi. Duk da haka ga takardun aure tsakanin ɓangarorin biyu, an rubuta sharaɗi ƙarara cewa miji ba zai tilasta wa mata ta karya ranar idinta ba, ita ma haka.

Babban sunan unguwar shi ne Musa ɗan Maimun. A Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi wajen 1138, danginsa suka gudu daga tsananin daular Muwahhidawa, suka bi ta Fas da Akka, suka yada zango a Fusɗaɗ. Ƙanensa Dawuda ne ke fatauci yana ɗaukar nauyin gidan don wan ya yi karatu. A cikin Geniza aka sami wasiƙar Dawuda daga Aizab, tashar da alhazai ke tsallaka Bahar Maliya, yana cewa bai sami abin saye ba sai shuni, don haka zai wuce Indiya, kada a damu. Jirgin ya nutse da shi da dukiyar. Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda. Da ya tashi, tun da yana ganin haramun ne a ci abinci da koyar da Attaura, sai ya koma aikin likita, har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin. A wata wasiƙa ta 1199 ya bayyana yininsa: sammako zuwa fada a Alƙahira, dawowa bayan azahar da yunwa ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, yana rubuta magani har dare, wani lokaci a kwance saboda gajiya. Mutumin nan shi ya tsara dukan shari'ar Yahudawa cikin juzu'i 14, ya zayyana rukunan imani 13, ya kuma rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci, inda ya ce Allah ba jiki ba ne, kuma duk inda nassi ya ambaci hannu ko zama ba a ɗaukarsa a zahirinsa. Wasu malaman Yahudawa a kudancin Faransa sun haramta karanta shi a 1232, wani malamin Musulunci mai suna Tabrizi ya yi wa wani sashensa sharhi, Toma Akwinas na Kiristoci kuma ya yi ta kafa hujja da shi. Ya rasu a 1204, kabarinsa yana Ɗabariyya.

Ɗansa Ibrahim ya gaje shi a shugabancin al'umma yana ɗan shekara 18 ko 19, ya riƙe har 1237. Shi ya dubi sufayen Alƙahira ya ce halwa da tsayuwar dare da zuhudu da suke yi hanyar annabawan Bani Isra'ila ce wadda mutanensa suka bari ta suɓuce musu. Ya sa a riƙa wanke hannu da ƙafa kafin addu'a, a tsaya sahu-sahu ana fuskantar Ƙudus, a yawaita sujada. Manyan gari suka kai ƙararsa wurin hukumar Ayyubawa cewa ya kawo bidi'a, ya kare kansa da cewa a gidansa yake yi da waɗanda suka ga dama, bai tilasta wa kowa ba. Littafinsa a kan wannan shi ne Kifayatul Abidin, wani sashe ya ɓace, wani ya tsira.

Muna tsaye a gaban dandamalin nake ba yaron wannan labari. Ya ciro waya ya rubuta sunan littafin.

"Kawu, da Larabci ka ce ya rubuta?"

Na ce da Larabci, sai dai baƙaƙen na Ibrananci ne, guda 22. Ya ce in dai wannan ne abin da sauƙi, zai koye su kafin hutu, kuma zai kai wa malaminsu na tasawwufi maganar ya ji ko ya taɓa cin karo da shi.